Betarab ɗin Inna

Almu yaro ne ɗan shekara tara. Yana aji uku a wata firamare da ke Illela. Gidansu yana bayan kasuwa, inda ake jin ƙugin manyan motoci masu tsallakawa Konni. Yana da ƙanwa mai suna Baraka, 'yar shekara shida. Ga kuma sabon jariri da Innarsu ta haifa.

Tun da Inna ta haihu ba ta ji daɗin jikinta ba. In ta miƙe tsaye sai jiri ya ɗebe ta. Tafin hannunta ya yi fari fat. A asibiti aka ce jininta ya yi ƙasa. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce ta riƙa cin hanta da wake da ganye.

Amma Inna ba ta son abinci. Ko an kawo mata tuwo mai zafi, loma biyu take yi ta ture kwanon. Shi ya sa Kaka, mahaifiyar Inna, ta taso daga Araba ta zo ta zauna da su.

Wata ranar Lahadi da hantsi, sai ga Kawu Hammadu ya yi sallama. Yayan Inna ne. Yana da lambu a bakin tafkin Kalmalo. Ya sauke kwando a tsakar gida. Akwai albasa da tumatir da karas. A ƙarƙashinsu kuma ga wasu abubuwa dunƙule-dunƙule, masu duhun ja, da ganye irin na alayyahu.

Almu ya ɗaga ɗaya yana jujjuyawa.

"Kawu, wane irin dankali ne wannan?"

Kawu ya yi dariya. "Ba dankali ba ne. Betarab anka ce da shi. A Konni na samo irinsa. Bana na fara shukawa, waɗannan ne sunka fara nuna. Na Innarku ne."

"Ni ma ina son in ga inda yake fitowa," in ji Baraka.

"To, ran Asabar in na zo sai in tahi da ke lambu," in ji Kawu.

Baraka ta yi ta tsalle don murna.

Kaka ta san betarab, domin ta taɓa zama a Konni. Ta yanke ganyen ta ajiye don miya. Ta wanke saiwar tas, ta zuba a tukunya da ɓawonta.

"Kaka, ba a ferewa?" Baraka ta tambaya.

"Sai ya dahu. In kin fere shi ɗanye, jan duk ya tsiyaye cikin ruwa."

Da ya dahu ya huce, Baraka ta taya Kaka ɓare shi. Ɓawon yana salubewa da sauƙi. Nan da nan yatsunta suka rine.

"Kaka, duba! Na yi lalle!"

Kaka ta yayyanka shi a kwanon sha. Ta zuba albasa da tumatir da dakakken ƙuli-ƙuli. Ta ɗiga man gyaɗa, ta matsa lemun tsami, ta barbaɗa gishiri. Sai ta miƙa wa kowannensu yanki ɗaya.

Baraka ta cinye nata ta lashe baki. "Da zaƙi! Kaka, ƙara mini."

"A'a. Na mai jego ne."

Almu kuwa ya yamutsa fuska. "Ni ba ni so. Kamar jini."

Aka kai wa Inna kwanon. Ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. Ta ci har cokali biyar. Kaka ta tsaya tana kallonta da murmushi.

"Wannan kam ya yi mini daɗi," in ji Inna. "A rufe mini sauran. Bayan la'asar in na tashi sai in cinye."

"Alhamdu lillahi," in ji Kaka. "Yau mun samu abin da bakinki ya karɓa."

Bayan azahar Almu ya dawo daga wasan ƙwallo. Yunwa yake ji sosai. Gidan shiru. Inna tana barci da jariri. Kaka ta shiga maƙwabta gaisuwa. Baraka tana zaure tana wasa da 'yar tsanarta.

Ya shiga madafa yana neman abin taɓawa. Sai ya ga kwanon a rufe da faifai. Ƙamshin ƙuli da albasa ya bugi hancinsa. Ya ɗaga faifan.

"Bari in ɗanɗana ɗaya kawai," ya ce a ransa.

Ya ɗauki cokali ya ɗebo yanki guda. Ashe da gaske Baraka take. Ga zaƙi, ga laushi, ga ɗan tsami. Ya ƙara ɗaya. Ya ƙara wani. Bai ankara ba sai ya ji cokali yana karta ƙasan kwano.

Ya mayar da faifan. Ya wanke cokalin. Ya kurkure bakinsa ya sake kurkurewa. Sai ya sulale ya koma wajen wasa.

Da yamma ya dawo, tun daga zaure ya ji kukan Baraka.

Kaka tana tsaye da kwanon a hannu, babu komai a ciki.

"Nuna mini hannunki," in ji Kaka.

Baraka ta miƙa hannu. Yatsun jajaye ne har yanzu.

"Kaka, na ɓarewa ne! Wallahi ban ci ba!"

"Ke kika ce a ƙara miki. Ke kaɗai na bari a farke. Abincin uwarki marar lafiya, Baraka? To, zuwa lambu ran Asabar babu ke."

Baraka ta ƙara fashewa da kuka. Kaka ta juyo ta ga Almu.

"Kai, ka ga wanda ya taɓa kwanon nan?"

Almu ya dubi ƙasa. "A'a, Kaka."

"Kai dama ka ce ba ka so," in ji Kaka, ta wuce.

Inna ta yi magana daga ɗaki, muryarta a raunane. "Ku ƙyale ta. Yarinya ce."

Aka kai wa Inna tuwo. Ta dube shi ta kau da kai. Daren nan ba ta ci komai ba sai ruwan shayi. Almu ya ga an fito da tuwon yadda aka kai shi. Nasa tuwon ma ya kasa wucewa. Baraka kuwa ta kwanta tana ajiyar zuciya, ba ta yi wa kowa magana ba.

Da safe Almu ya shiga banɗaki kafin ya tafi makaranta. Da ya duba ƙasa sai ya daskare. Fitsarinsa ja ne.

Ya tuna wani ɗan ajinsu da ya yi fitsarin jini, aka yi ta kai shi asibiti. Ya zuba ruwa da sauri ya fito. Ya so ya faɗa wa Inna, amma ya kasa haɗa ido da ita. Ya saɓa jakarsa ya fita, ko koko bai sha ba.

A aji bai ji komai da aka koyar ba. Da aka fita tara ya sake zuwa banɗaki. Har yanzu ja. Ya dawo aji ya kifa kansa a kan tebur. Yana ta tunani, ko dai mutuwa zai yi? Ko Allah ne ya kama shi saboda abin da ya yi wa Baraka?

Malam Jaɓɓo, malamin ajinsu, ya shigo ya same shi shi kaɗai.

"Almu, kowa na waje, kai mi kake yi nan?"

Almu ya ɗago. Hawaye sun jiƙa masa fuska.

Malam ya jawo benci ya zauna kusa da shi. "Mi ya same ka? Wani ya buge ka?"

"A'a, Malam." Ya yi ƙasa da murya. "Fitsarin jini nake yi."

Malam bai yi dariya ba, bai kuma yi masa tsawa ba. Ya taɓa goshinsa.

"Tun yaushe?"

"Yau da safe."

"Ka yi kyau da ka faɗa. Irin wannan ba a ɓoye shi. Bari in kira Babanka."

Ba a jima ba sai ga Malam Lawali, mahaifin Almu, a kan babur. Ya bar ɗalibansa na Islamiyya ya taho. Hankalinsa a tashe yake. Ya gode wa Malam Jaɓɓo, ya ɗora Almu a baya, suka nufi asibiti.

A hanya Baba ya ce, "Almu, faɗa mini gaskiya. Da kunka je Kalmalo kwanaki, ka shiga tafki?"

"Ban shiga ba, Baba."

"A ruwan tafki ake ɗaukar tsargiya. In Hammadu ya bar ka ka yi wanka a ciki, zan yi masa magana."

"Kawu bai bar ni ba, Baba. Ko ƙafa ban sa ba."

Almu ya ƙara jin nauyi a ransa. Jiya Baraka, yau kuma ga Kawu zai sha zargi.

A asibiti suka samu wata malamar asibiti mai fara'a. Ta duba idon Almu, ta danna cikinsa.

"Kana jin zafi in kana fitsari?"

"A'a."

"Zazzaɓi fa? Ko ciwon mara?"

"Babu."

Ta ba shi wata 'yar kwalba ya kawo fitsari, aka kai ɗakin gwaji. Suka zauna jira a kan benci. Baba yana jan carbi. Almu yana kallon ƙafafunsa.

Can malamar ta kira su. Tana murmushi.

"Malam, kwantar da hankalinka. Babu jini ko kaɗan a fitsarin nan. Babu tsargiya."

"Alhamdu lillahi! To jan nan fa, na mine ne?"

Ta juya wajen Almu. "Yaro, mi ka ci jiya?"

"Tuwo."

"Sai mi?"

Almu ya sunkuyar da kai.

"Ba ka ci betarab ba?"

Baba ya ce, "Ikon Allah. Jiya kuwa anka kawo shi gidanmu don uwarsa. Amma shi bai ci ba. Ƙanwarsa ce ta cinye."

Malamar ta ajiye takardar gwajin. Ta dubi Almu kawai, kallo mai taushi. Sai kuka ya ƙwace masa.

"Ni ne, Baba! Ni na cinye! Baraka ba ta ci ba!"

Malamar ta miƙa wa Almu ruwa a kofi.

"Sha, ka share hawayenka," in ji ta. "Ba ka da ciwo. Wasu mutane in sun ci betarab da yawa, launinsa yakan fito a fitsari, har ma a bayan gida. Ba ya cutarwa. Ka sha ruwa sosai, zai washe da kansa."

"To, Malama, shi abin nan yana da amfani ga mai jego da gaske?" Baba ya tambaya.

"Yana da shi. Yana cikin abincin da ke taimaka wa jiki wajen gina jini. Yana sa ciki ya saki, yana kuma taimaka wa masu hawan jini. Ganyensa ma kada ku zubar, ku sa a miya. Amma abinci ne, ba ya maye gurbin magani. Ta ci gaba da shan ƙwayoyinta, ga hanta, ga wake, ga zogale."

Sannan ta ɗaga yatsa ga Almu. "Kai kuma, duk ranar da ka ga jan fitsari alhali ba ka ci betarab ba, maza ka faɗa a kawo ka. Ka ji?"

"Na ji, Malama."

A hanyar gida Baba ya tsayar da babur a ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Almu ya zaci duka zai sha. Amma Baba ya durƙusa ne har fuskarsu ta daidaita.

"Almu, yunwa ta sa ka ci, ko?"

"E, Baba. Ɗaya na yi niyyar ci."

"Na yarda. Kowa yana iya yin haka. Da ka faɗa jiya, da faɗa kaɗan Kaka za ta yi maka, shi ke nan. Amma ka tsaya kana kallon ƙanwarka tana kuka a kan laifinka. Wannan ne ya ɓata mini rai."

"Tsoro na ji."

"Yanzu da ka faɗa, tsoron yana nan?"

Almu ya yi tunani. "Ya tahi."

"To, saura gida. Ba ni zan faɗa musu ba. Kai za ka faɗa."

Suka tarar da Kaka tana tankaɗe. Inna tana zaune a bakin ƙofa da jariri a cinya. Baraka tana gefe ta haɗa rai. Almu ya tsaya a tsakar gida.

"Kaka, Inna, ni na cinye betarab jiya. Na yi ƙarya. Baraka ba ta taɓa ba."

Kaka ta ajiye rariya. "Kai da ka ce kamar jini?"

"Da na ɗanɗana sai na kasa bari."

Baba ya ba su labarin asibiti. Kaka ta riƙe baki, ta rasa ko dariya za ta yi ko faɗa. Sai ta tashi ta je wajen Baraka ta zauna a ƙasa kusa da ita.

"Baraka, jikata, na zalunce ki. Kin rantse mini ban yarda ba. Ki yafe wa tsohuwa."

Baraka ta faɗa jikin Kaka. Almu ya matso.

"Baraka, ki yi haƙuri."

Ta juya masa baya. "Ba ni kula ka."

"Kina da gaskiya," in ji Inna. "A bar ta ta huce." Sai ta yafito Almu da hannu. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, saboda ni kika kwana da yunwa."

Inna ta shafa kansa. "Na yafe maka. Da ka roƙe ni ma da na raba mana. Babu abin da zan ci in hana ku."

Wannan maganar ta fi duka zafi a wurin Almu. Ya kifa kansa a gwiwarta ya yi kuka mai isarsa.

Baba ya yanke hukunci. Ranar Asabar Baraka za ta je lambu. Almu kuma zai zauna gida ya yi shara da ɗiban ruwa. Almu bai yi gardama ba.

Ranar Asabar Kawu Hammadu ya zo da sassafe. Baraka ta sa takalmanta. Ta kai bakin zaure sai ta tsaya. Ta waiwayo ta ga Almu da tsintsiya a hannu.

"Baba," in ji ta, "in Yaya bai je ba, wa zai ɗauko mini kwandon? Da nauyi."

Baba ya ɓoye murmushinsa. "To, ya gama shara tukuna."

Almu bai taɓa yin shara da sauri irin ta ranar ba.

A lambu Kawu ya nuna musu fangalin betarab. Kawunan sun leƙo daga ƙasa, ganye yana sheƙi. Ya koya musu yadda ake kama gindin ganye a jijjiga a hankali, sannan a tuge. Almu ya yi ta ɗibo ruwa daga rijiyar lambu yana ban ruwa har rigarsa ta jiƙe. Kawu ya ce kowane ƙarshen mako yana iya zuwa ya taya shi.

Da suka dawo, Kaka ta raba betarab ɗin gida biyu. Kashi ɗaya ta dafa ta yi kwaɗo. Ɗaya kashin kuma ta goga ɗanye, ta tace ruwansa a cikin zoɓo, ta sa citta da kanumfari. Ganyen kuma ta yanka a miyar taushe. Almu ne ya daka ƙuli. Shi ya ɗauki kwanon da hannu biyu ya kai ɗaki.

Inna ta ce a kawo cokula uku. Suka ci tare, ita da Almu da Baraka. Almu ya ci kaɗan ya ajiye cokali, ya ce ya ƙoshi. Inna ta cinye sauran duka, har ta nemi tuwo.

A hankali Inna ta fara samun ƙarfi. Tana shan maganinta, tana cin abinci. Jirin ya daina. Da ta koma asibiti aka ce jininta ya ƙaru. Ranar nan ita da kanta ta goya jariri ta taka har kasuwa.

Wata rana Almu yana wasa da ƙwallo a tsakar gida, sai ta bugi tulun Kaka. Tulun ya fashe, ruwa ya malale. Babu wanda ya gani. Almu ya tsaya yana kallon gutsattsarin. Sai ya nufi ɗaki kai tsaye.

"Kaka, na fasa miki tulu. Ni ne."

Kaka ta yi masa faɗa sosai, ta ce ba a ƙwallo a cikin gida. Sannan ta miƙa masa tsintsiya, ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Yara, kada mu ɗauki abin da ba namu ba sai mun tambaya. In kuma mun yi kuskure, mu faɗi gaskiya da wuri, kada mu bar wani ya sha wahala a kan laifinmu. Faɗan da za a yi mana na ɗan lokaci ne, daga nan sai zuciya ta huta.